Ranar da Na Karanta Zuciyar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Yaya Sabi'u ba, kuma ko na so in manta, mutanen Malikanci, garin surukaina, ba za su bar ni ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba tsautsayi ne ya faɗo mini haka kawai ba. Shiri na yi, shirin sati uku cur.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Hunkuyi. Duk wanda ya taɓa koyar da lissafi da tsakar rana ya san yadda aji yake komawa: rabi na gyangyaɗi, rabi na kallon taga. Ina neman dabarar da zan riƙa farkar da su ne na ci karo da bidiyon wani Bature a waya, yana sa mutane su riƙe abu a ransu, shi kuma ya faɗa musu ko mene ne. Da bakinsa yake cewa babu aljani babu tsafi, siddabaru ne kawai, sai dai shi da baki da lura yake yin nasa. Daga bidiyo ɗaya na koma goma. Datar da na saya don sauke tsofaffin tambayoyin jarrabawa, a nan ta ƙare.

Na fara da ɓatar da murfin kwalba a tafin hannu. Na kira matata Hadiza, na rufe hannu, na hura masa iska, na buɗe. Ta ce, "Ga shi can tsakanin yatsunka." Na koma wasan karta, ta ce in maƙwabta suka leƙo suka ga malamin makaranta da karta a tsakar gida, ita ba za ta tsaya yi wa kowa bayani ba. Daga nan na samu wanda ya kwanta mini a rai, na takardu.

Ga yadda yake (in kun iya, don Allah ku yi shi nesa da surukanku). Mutum huɗu ko biyar za su rubuta abin da suka ga dama a guntayen takarda, su ninke, a zuba a hula. A cikinsu akwai naka, wanda kuka riga kuka shirya abin da zai rubuta, kuma zai ninke tasa daban don ka bar ta sai ƙarshe. Sai ka ɗauki takardar wani, ka ɗora a goshi, ka yamutsa fuska, ka faɗi kalmar mutuminka. Shi kuma ya yi ihu ya ce tasa ce. Sai ka buɗe takardar kamar kana tabbatarwa, alhali karanta ta kake yi. Ka ɗauki ta biyu, ka faɗi abin da ka gani a ta farko. Haka har ƙarshe, kullum kana gaba da su da takarda ɗaya. Da na fahimci wannan, sai na ji kamar an ba ni mukullin duniya.

Mutumina shi ne Malam Bulus, malamin turancinmu, mazaunin Makarfi. Sau biyu muka gwada a ofishin malamai, sau biyu aka tafa mini. Kaina ya kumbura. Da ranar suna ta zo, Hadiza ta riga ta tafi gidansu tun kwana biyu, ni kuma Bulus ya ɗauke ni a babur ɗinsa da sassafe. A hanya na ce masa, "Ko da za a buƙata, rake za ka rubuta." Ya ce, "A gidan surukai?" Na ce, "Ai na ce ko da." (Takardun kuwa na riga na yanka su, suna aljihun gaba tare da biro biyu.)

An raɗa suna, an yi addu'a, an ci waina. Dattawa suka koma zaure, mu kuma muka baje tabarma a gindin mangwaro. Yaya Sabi'u, wan Hadiza kuma uban jariri, shi ya tona ni. Ya ce wa abokansa, "Kun ga mijin Hadiza? An ce zuciyar mutum yake karantawa." Na yi 'yar kunyar ƙarya, na ce ai wasa ne. Kafin su roƙe ni sau biyu, na ciro takardu.

Ina cikin rabawa ke nan na ji an yi gyaran murya a bayana. Baba ne, mahaifin Hadiza, na'ibin limamin unguwarsu, mutumin da shekara biyu da aurena ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tare da shi akwai amininsa, wani dattijo mai nauyin kunne da kowa ke kira Sarkin Noma. Muka miƙe, muka durƙusa, muka sake gaisuwar da muka yi ɗazu. Baba ya dubi takardun ya ce, "Malam, jarrabawa ake yi?"

Yaya Sabi'u ya yi masa bayani. Na so ƙasa ta tsage. Na zaci zai yi faɗa ne, sai kawai ya sa aka kawo musu kujeru, ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni ɗaya."

Mutum huɗu suka rubuta: Bulus, Yaya Sabi'u, wani maƙwabcinsu, da Baba, wanda ya ɗora tasa a gwiwa ya rubuta da biron da ke yi yana ɗaukewa. Aka zuba a hulata. Na ɗauki ɗaya, na ɗora a goshi, na lumshe ido. Na ce, "Ina ganin abu dogo... mai gaɓoɓi... mai zaƙi. Rake!"

Bulus ya daka tsalle kamar kunama ta harbe shi. "Kai! Ni ne! Yaya aka yi ka sani?" (Na sha gaya masa ya rage zaƙewa.) Amma kafin ya zauna, maƙwabcin nan ya dafe ƙirji ya ce, "Innalillahi! Ni ma rake na rubuta!"

Nan na fara rikicewa. Wannan ba ya cikin bidiyo. Ban tuna ba cewa a yankinmu in ka ce wa mutum goma su tuna wani abu, biyar rake za su tuna. Jama'a kuwa suka ɗauka zuciya biyu na karanta a bugu ɗaya. Wasu suka matso, wani kuma na ga ya ja da baya yana motsa baki. Ni ina can ina lissafi: in rake biyu ne a hula, wace zan bari ƙarshe, kuma wace ce a goshina? Ban gama ba na buɗe takardar, don in ga abin da zan faɗa a gaba.

Ajami ne.

To a nan sai na yi muku wani ikirari. Ina karanta Alƙur'ani bugaggen inji lafiya lau, da wasulansa a fili. Amma rubutun hannun mutanen da, irin na masu allo, ban taɓa zama na koya ba. Ga shi an rubuta a gwiwa, ga biro ya ɗauke a tsakiya. Harafi biyu na iya tsinta: ba, da wani da na ɗauka kaf ne. Sauran ɗige-ɗige ne da ban san ko wasula ba ne ko tawada ce ta zuba. Abu ɗaya na tabbatar, takardar Baba ce, don shi kaɗai zai yi wannan rubutu.

Na gyaɗa kai kamar na ga rake a ciki, na cusa ta a aljihu, na ɗauki ta biyu na ɗora a goshi. Zufa ta riƙe ta, ko hannu ba na buƙata. A raina ina jerawa: baki, biki, bukka, boko, boka. Sai na tuna Baturen ya ce in ka ɓace, ka yi tambaya da muryar wanda ya riga ya sani.

Na ce, kaina a ƙasa, "Wannan ta Baba ce. Baba, ina ganin abu ne mai rai."

Ya ce, "Haka ne."

Biki ya fita, bukka ta fita, boko ya fita. Na ce, "Mutum ne."

"Mutum ne."

Baki ma ya fita. Saura ɗaya, kuma ba na son ta. Sai na yi tunanin ko ni Baba yake wa shaguɓe, wato ni ne bokan. Na ji sanyi kaɗan, na ce, "Yana nan wurin."

"Yana nan."

Na tabbata da ni yake. Don in rufe zancen cikin raha na ce, "Amma dai Baba ba ka zuwa wurinsa neman shawara."

Ya ce, "Ni kuwa nake zuwa. Shekara arba'in ban yanke wata magana ba sai na je wurinsa."

Kaina ya ɗaure tamau. Shekara arba'in? Ni shekarata talatin da uku. Ba ni ba ne ke nan. To wane ne? Na saci kallon jama'a, kowa na murmushi. Na'ibin liman yana faɗin haka a bainar jama'a, kuma babu wanda ya girgiza? Ko dai kowa ya sani ne, ni kaɗai aka bari a duhu? Na ji bakina yana tambaya ba da izinina ba: "Har... har maganar aurena da Hadiza?"

Baba ya yi dariya ya ce, "Ai da bai ce a ba ka ba, da ba a ba ka ba."

Wallahi a lokacin na manta da wasa nake. Tunani nake, ashe aurena a hannun boka aka ɗaura shi, kuma ga shi yanzu ana so in faɗa da bakina. Na ce, "Baba, a bar wannan, hoton bai fito sosai ba." Jama'a suka ce ina, ai ka kusa, faɗi kawai. Baba ma ya ce, "Faɗi mana, Malam, kada ka ji komai."

Na faɗa, can ƙasa-ƙasa, yadda na kusa da ni kaɗai za su ji.

Sarkin Noma ya karkato kunne ya ce, "Me ya ce?"

Bulus, Allah ya saka masa, yana ganin aikinsa ne ya taimake ni. Ya ɗaga murya yadda har matan cikin gida suka ji: "Ya ce BOKA!"

Har tafasar tukunyar cikin gida ina ji. Murmushin Baba ya ɗauke. Ya ce, "Wane ne boka?" Ya ƙara da cewa, "Ni ne nake zuwa wurin boka shekara arba'in?" Ya nuna Sarkin Noma. "Baƙo na rubuta. Ga shi nan zaune. Sunan da uwarsa ke kiransa ke nan tun muna yara."

Sarkin Noma ya sake karkato kunne. "Wai ni ne boka?"

Ba ni da mafita sai gaskiya, don in na yi shiru, ko dai na yi wa Baba ƙazafi, ko kuma ni ne mai duba. Na durƙusa, na zazzage komai: bidiyo, Bulus, rake, takarda ɗaya a gaba. Na ciro takardar Baba daga aljihu na nuna. Ita kuwa ta biyun tana nan manne a goshina, sai da Yaya Sabi'u ya sa hannu ya ɓamɓare ta.

Baba ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Tsaya in gane. Ba ka karanta zuciyata ba?"

"A'a, Baba."

"Takardata ka buɗe ka karanta."

"Na buɗe dai, Baba."

"Ita ma ba ka karanta ba?"

"Ita ma a'a."

"To, Malam, me ka karanta?"

Sarkin Noma ne ya fara fashewa da dariya, bayan an maimaita masa a kunne. Ya yi ta yi har hularsa ta faɗi, daga nan kowa ya samu izini. Baba bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa na rawa lokacin da ya juya zai koma zaure. Hadiza kuwa ba ta fito sallama da ni ba. Aike ta yi a ce mini in gaida gida. Bulus ya tuƙa mu har Hunkuyi, magana ɗaya ya furta a hanya, wai a ganinsa ɓangaren raken ya tafi daidai.

Bayan kwana uku na ɗauki Yaya Sabi'u ya raka ni ba da haƙuri. Baba ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: duk Asabar in zo zaurensa da littafi da biro mai kyau. Wata biyar ke nan ina zuwa. Na kai matakin da nake bambance kaf da ƙaf, in dai ba a gwiwa aka rubuta ba. Sarkin Noma yakan zo ya zauna yana kallona, kuma har yau abokansa Boka suke ce masa. Duk sanda aka kira shi haka, ni yake harara.

Ban daina siddabarun ba, ina yi wa ɗalibaina, kuma suna farkawa. Sai dai ga shawarata ga duk mai son farawa: ka koya a gaban madubi, ka gwada a kan waɗanda ba su ba ka 'yarsu ba, kuma kafin ka ce za ka karanta abin da ke zuciyar mutum, ka tabbata in ya rubuta maka shi a takarda ya miƙo maka, za ka iya karantawa.