Dodon Annoba na Gwarinpa

Duk faɗin Abuja babu wanda cututtuka ke tsoro kamar Abdulmajeed Nababa, in ji Abdulmajeed Nababa. Tun ranar da aka ɗauke shi horon masu bin diddigin annoba, aka ba shi 'yar shara mai aljihu barkatai, bai sake cire ta ba. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa aski. Maƙwabtansa na Gwarinpa suka laƙaba masa Dodon Annoba, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: ba a ba da takardar kammalawa sai mutum ya binciki ɓarkewar cuta ya gano tushenta. Abokan horonsa kowa ya samu rabonsa, wannan ƙyanda, wancan kwalara. Shi kuwa, bawan Allah, duk inda aka tura shi sai ya tarar da mutane garau.

"Tsorona ƙwayoyin cutar nan suke ji," yakan ce. "Da sun ji ƙamshin turarena sai su bar gari."

Don kada basirarsa ta yi tsatsa, ya haɗa walima a ƙofar gidansa, ya gayyaci layin kaf. Tun hantsi aka jera shinkafa da salak mai ƙwai. Kafin a ɗaga cokali ya karɓi lasifika domin 'yar gajeriyar faɗakarwa kan tsabtar abinci. Aka je azahar aka dawo, yana nan. Salak ma yana nan cikin rana, yana sauraro.

"Oga, abinci ya fara wari fa," in ji maƙwabciyarsa Madam Prudence.

"Ilimi tukuna, Madam, ciki daga baya."

Sai bayan la'asar aka ci.

Washegari layin ya kwanta da amai da gudawa. Abdulmajeed ya yi hamdala har da ƙwalla. Ya bi gida-gida yana tambayar kowa abin da ya ci, ya zana taswira, ya ɗiga jar tawada a kanta a gidan kowane majinyaci. Ɗige-ɗigen suka kewaye gidansa kamar ƙudaje sun samu mangwaro. Bai yi mamaki ba, ya san shi cutar ta zo nema.

A gaban shugabar horon, Dakta Rukayyat, ya gyara 'yar shara ya ce, "Tushen annobar nan wani jahili ne da ya bar abinci a rana tun hantsi har la'asar. Ina ba da shawarar a hukunta shi."

"Madalla. Me ya hana a ci abincin da wuri?"

"Wani jawabi ne..." Ya tsaya. "Muhimmi, ranki ya daɗe."

Nan cikinsa ya yi ƙugi, don faranti biyu ya ci a walimar. Ya fice da gudu, aljihuna na kaɗawa.

Takarda dai ya samu, tunda ba a taɓa ganin ɗalibin da ya zo da annobarsa daga gida ba. Sunansa ya fito sau biyu a rahoton: a sama mai bincike, a ƙasa musabbabi. Ya sa rahoton a gilashi ya rataye a falo, yana nuna wa baƙi cewa babu wanda aka ambata sau biyu sai shi.