Jitar Hajiya Adama

"Lafiya lau, amarya. Ina gajiyar zaman banza?"

"Gajiya tana wurin mai yawo bisa babur kamar an koro shi. Wancan kuma gawar wa ka goyo cikin buhu?"

Maharazu ya yi dariya, ya kwance buhun daga bayansa. Malamin gona ne a Faskari, a shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowane saurayi mai albashi ya sayi abin da ransa yake so. Wasu rediyo mai kaset suka saya, wasu wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Shi jita ya sayo a Kaduna, ya kuma samu wani malamin makaranta ɗan Gana a Ƙanƙara wanda ya yarda ya riƙa koya masa duk Asabar. Ranar ce ya fara zuwa, daga can ya biyo Mabai wurin kakarsa, Hajiya Adama.

Ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba. Mahaifinsa, Alhaji Barau, ya ji labari, ya aika masa cewa gidansu ba a gaji roƙo ba, duk ranar da ya yi ido biyu da abin, murhu zai ci shi. A Faskari kuwa gidan ƙanen Alhaji yake zaune, mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa. Wuri ɗaya ya rage wanda Alhaji ba zai iya bincikawa ba, shi ne ɗakin uwarsa, Hajiya Adama.

Ya zaro jitar, ja, sai ɗaukar ido take yi. Hajiya ta ajiye tsintar wake ta ƙura mata ido.

"Garaya ce ta kumbura?"

"Jita ake ce mata. Tsirkiya shida gare ta, ta fi ki haƙora."

"Nawa guda na Makka ne, ya fi ka daraja kai da babur ɗinka."

Maharazu ya gyara zama bisa turmi, ya shaida mata cewa kafin a yanke gero za ta ji sunansa a rediyon Kaduna, 'yan matan Sabuwa su yi layi a ƙofar gidan nan, ita kuwa sai dai ta leƙo ta katanga. Ta ce ta ji, a taɓa mata ta ji abin da zai tara layin.

Bai ji ko ɗar ba. Ya ɗora yatsunsa inda malamin ya nuna masa, ya danne sosai, ya shafo tsirkiyoyin da babban yatsa. Ta farko ta yi daɗi. Sauran suka yi wani irin gurnani, kajin da ke tsince a gindin rumbu suka watse.

"Wanga kiɗi ne, ko ƙofar langa-langa ce ke neman mai?"

"Haka kowa ke farawa. Malamin ya ce bai taɓa ganin yatsun da suka dace da jita kamar nawa ba, dogaye."

"Tsawonsu kau na sani. Da su ka ƙarar mani da ƙuli-ƙuli tun kana tsirara."

"Sadaki nake ragewa. An cuce ni, an ba ni mata ba ta ji sai an yi ihu."

"Yau dai na gode Allah da ban ji sosai."

Da ya ga ta saki fuska, sai ya kawo maganar ajiya. Ya ce bayan gadonta kawai zai jingine ta, duk Asabar ya biyo ya ɗauka, ya dawo ya ɗan maimaita abin da aka koya masa. Hajiya ta ce ɗakinta ba tasha ba ne. Ta leƙa ramin da ke cikin jitar, ta ce in dai ya bar ta, to, baƙar kazarta ta samu wurin ƙwai.

Suna cikin haka sai suka ji sallamar Alhaji Barau daga zaure. Maharazu ya miƙe zumbur, ya rasa inda zai tura abin, ga buhun can nesa. Bai ankara ba Hajiya ta fizge jitar ta ɗora a cinya, ta rungume ta kamar mai renon jariri.

Alhaji ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa yana kan jitar. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika dubansa ba. Ta amsa a taƙaice tana kallon gefe, ta ja tsirkiya ɗaya da farce, ta yi ƙara.

"Mijina ya sawo mani," ta ce tana duban Maharazu, ba Alhaji ba. "Na ji an ce akwai mai neman itace. A gaya mashi wagga tawa ce, a ɗakina za ta zamna."

Alhaji ya dubi ɗansa, ɗan ya duƙar da kai yana nazarin takalminsa. Can Alhaji ya ce Allah ya ba Hajiya lafiyar morar kayanta, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, ya tashi ya fita ba tare da ya ƙara waiwayowa ba.

Sai da takunsa ya ɓace Maharazu ya saki numfashi, ya miƙa hannu.

"Kawo, amarya, kada ki tsinka mani."

"Maka? A gaban shaida ka ba ni. Mai son aro ya zo ran Asabar, ya yi sallama da ladabi."

"To, wa zai je rediyon Kaduna?"

"Ni. Ka ga ko taɓawa ɗaya da na yi, babu kazar da ta gudu."

Maharazu ya duba, ga kajin nan sun dawo suna tsince a gefen tabarmarta. Dariya ta kama shi har ya dafa turmi. Ya laluba aljihun babbar rigarsa ya fito da ƙullin goro fari wanda ya yi niyyar kai wa malaminsa mako mai zuwa, ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

"Kin ci ni, Hajiya. A taimaka a ara wa bawan Allah zuwa magariba."

Ta kwance ƙullin, ta zaɓi babba ta ɓare, sannan ta sauke jitar ta tura masa da ƙafa.

"Ɗauki. Amma ka koma bayan gida, ka fuskanci gonar maƙwabcinmu Rabo. Shekara uku birai na cinye mashi masara."