Kaka Leah Ta Ƙi Iya Saita Agogo

Kefas ya shigo gidan kakarsa Leah, can bayan kasuwar Zuru, da wani ɗan akwatin katako a hammata. Agogo ne mai nuna jajayen lambobi, da maɓallai biyu a kansa. Shi ya haɗa shi da hannunsa daga tarkacen rediyoyin shagon gyaran da yake aiki. Likita ya ɗora tsohuwar a kan maganin hawan jini safe da yamma, kuma Kefas ne ke zuwa yana tuna mata. Ga shi jibi zai tafi Zariya horon soja. Ya tarar da ita zaune a bakin ɗaki, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma.

"Lahiya lau nake, kafin in gan ka," in ji ta. "Mijin banza, mi ka ɓoyo a hammata kamar ɓarawon kaza?"

"Kayan aurenki ne, amarya. Kin daɗe kina jira."

"Akwati? Tun ban mutu ba ka fara yi mini akwati? Ko ƙafata ɗaya ba za ta shiga wanga abu ba."

"Agogo ne, Kaka."

"Kakanka golmo ya yi. Shekara da shekaru yana noma gonar ubana har bayansa ya lanƙwashe, sannan aka ba shi ni. Kai kuma ka zo neman aurena da kwalin ashana."

"Ai kuwa an cuce shi, Kaka. Da ya nemi ragi."

"Ragin uwaka!"

Ya ja waya zuwa cikin ɗaki ya jona. Lambobin suka kama, suna kawowa suna ɗaukewa.

"Ga shi yana ƙifta mini ido. Mara kunya kamar mai shi."

"Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, haka zai riƙa yi, don ya manta lokaci. Sai ki kunna rediyo, ki ji ƙarfe nawa aka ce. Wannan na hagu awa yake ƙarawa, na dama kuma minti. Ki yi ta dannawa har ki ga lambar da kike so."

"Tsaya. Sai na gaya masa lokaci sannan shi ya gaya mini? To wa ke yi wa wani aiki? Zakarana bai taɓa tambayata ƙarfe nawa ba."

"Zakaran da kika yanka da Kirsimeti?"

"Shi ma maganar barin gida ya fara."

Kefas ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗora mata agogon a cinya. Ta danna na dama a maimakon na hagu. Ya gyara. Ta danne duka biyun da tafin hannu. Ya sake gyarawa. Da ta kama na hagun kuma, sai ta ƙi saki har lambobin suka zagayo inda suka fara.

"Kaka, waɗannan yatsu ne ko saiwar rogo?"

"Su suka wanke maka kashi, lokacin ba ka ce rogo ba ne."

"Ke da ke buɗe lambar waƙa a littafi tun fasto bai rufe baki ba, yau maɓalli biyu ya gagare ki? Sau nawa zan nuna miki?"

"Har sai na iya. In shekara zai ɗauke ni, sai ka zauna shekara."

Ya dube ta. Ita kuwa idonta na kan agogon.

"Jibi zan tafi, Kaka."

"Na sani. Kakanka ma jibi ya ce mini lokacin yaƙin basasa, ya bar ni da goyo. Ubanka Solomon jibi ya ce, da za a kai su Saliyo. Jakarsa aka kawo mini, da takalma a ciki. A gidan nan duk wanda ya ce jibi, ni ke share ɗakinsa in rufe."

"To in zauna in ci me? Sai mu wuni a shago ba a kawo ko tocila ba. Takardar makarantata har gara ta fara ɗanɗana ta. In yi ta liƙa waya har in tsufa irinki?"

"Ka tsufa irina? Da ka yi sa'a, yaro. Babu namijin gidan nan da ya taɓa ganin furfurarsa."

Lambobin na ta ƙiftawa a cinyarta. Can Kefas ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Shi ke nan, tunda kan amaryata ya toshe. Bari in je in roƙi Mama Theresa, maƙwabciyarki, ta riƙa shigowa tana saita miki, ta kuma tsaya har ki haɗiye magani."

"Wa? Theresa? Wadda ke tashi ba da shaida a coci da asirin mutane? Ta shigo ɗakina ta ƙirga mini tukwane?"

"Ai ita tana da kai."

"Tana da kai kamar kabewa! Zo nan."

Ta fizgo hannunsa, ta leƙa agogon da ke ɗaure a wuyan hannun, ta sake shi. Yatsa ɗaya a na hagu, tak, tak, tak, tak. Ta koma na dama, ta yi ta dannawa da sauri, ta tsaya cak. Lambobin suka daina ƙiftawa. Kefas ya duba nasa, ya duba nata, babu bambanci.

"Kaka Leah!"

"Mi?"

"Ashe tun ɗazu kin iya?"

"Tun nunin farko. Wane ne kai da za ka haɗa abin da zai gagare ni?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta goge ido da bakin zane, ta ce jan lambobin nan ne ke sa mata hawaye. Sannan ta nuna cikin ɗaki da haɓa.

"Duba ƙarƙashin gado, akwai gwangwani. Ɗauko."

Ya fito da shi, ya buɗe. Dambun nama ne cike har baki, yana ƙamshin citta da barkono.

"Ina kika samu nama haka?"

"Akuyata ce, wadda ta fi ka hankali. Tun ranar da sunanka ya fito na sa aka yanka."

"Ashe kin san ba zan fasa ba."

"Na san jininku. Ɗauki ka ci a can, kada a ce matarka ta bar ka da yunwa. Amma ka sani, na gama da auren nan. Sai dai ba na aika saki a mota. In kana son takardarka, ka dawo da ƙafafunka biyu ka karɓa a hannuna."

Kefas ya rungume gwangwanin, ya durƙusa a gabanta yana dariya.

"Na ji, amarya. Kin ci. Ki ajiye mini ita."