Shikarar Subhan Kak da Sunan da Ya Ƙi Fita Baki

Jama'a, duk wanda ya gan ni yau da hantsi ina zabga sauri a bakin tafki, rungume da allon sunan jirgin ruwa, gaban rigata jajawur, ina roƙonsa ya daina baza labarin wai yanka ni aka yi. Lafiyata ƙalau, fenti ne. Rigar ce dai ta riga mu gidan gaskiya, kuma ita kaɗai ce rigar ulun da nake shiga taro da ita, ga sanyi bai gama tattara kayansa ba. Alhakinta yana wuyan mutum uku: maƙwabcina Subhan Kak, da Usta Rajab mai fenti, da Mai Girma Shugaban Kwamitin Kyautata Sunayen Jiragen Shan Iska, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi.

Subhan Kak kun san shi ko ba ku san sunansa ba. Tsohon nan ne mai dogon hanci da ke tuƙa baƙi yawon shan iska a shikarar wasu, wato ƙaramin jirgin ruwan nan mai rumfa, tun ina tafiya makaranta da allo a hammata. To bana Allah ya yi, kafinta ya gama masa tasa ta kansa, da rumfarta da labulenta da matasan kai masu ado. Kuma duk unguwarmu ta kan ruwa ta san inda katakon ya fito. Matarsa ce take shiga ruwa duk hunturu tana tono saiwar bado tana kaiwa kasuwa, yatsunta har sun lanƙwashe, ta yi ta tara katako falle-falle a bayan ɗaki har ya isa jirgi.

Ran nan ina zaune ina shan shayin gishiri da gurasa sai ga shi ya leƙo.

"Ɗan jarida, ajiye kofin nan ka raka ni wurin Usta Rajab."

Na ce, "Kak, me na sani a kan fenti?"

Ya ce, "Ba iliminka nake so ba, bakinka nake so. Na ga ba ya da ƙofa."

A hanya ya faɗa mini damuwarsa, yana magana yana kallon ruwa. Sunan matarsa yake so a sa wa jirgin. Matsalar ita ce, mutumin zamaninsu ba ya kama sunan matarsa, ko a ɗaki ko a waje, ko da wuta ta kama gida. Shekara sama da arba'in, sai dai ya ce "uwar Nazir", ko "mutanen gida", ko kuma ya yi gyaran murya, ita kuwa ta san da ita ake. Ita ma haka, "shi wannan" take ce masa. Wato an ɗauko ni ne haya don in faɗi abin da shi ba zai iya faɗa ba.

Shagon Usta Rajab cike yake da allunan mutane suna shan iska. Ga *Sarauniyar Landan*, ga *Sabuwar Aljannar Duniya Mai Kujerun Sifirin*, ga *Manta Da Gida*. Usta da kansa yana tsugune, burushi a kunne, wani a baki.

"A'a, Subhan Kak, an zama mai jirgi! Wane suna za mu zuba mata?"

Subhan Kak ya ce, "Sunan mace ne."

"Madalla. 'Yar fim ce?"

"Allah ya kiyaye!"

"To ko Baturiyar nan ce da ta bar maka laima shekarun baya? Kak, da girmanka?"

Sai tsohon ya taka mini ƙafa, taku ba na wasa ba. Na ce, "Shahmali." Wayyo, ku zo ku ga kunnuwan Subhan Kak! Suka yi ja, ya ɗaga kai yana binciken rufin shago kamar shi aka aiko duba yoyo. Usta Rajab ya yi dariya har burushin bakinsa ya faɗa cikin gwangwani, sannan ya nutsu ya ce wallahi tun da yake rubuta allo ba a taɓa kawo masa aikin da ya yi masa daɗi haka ba.

Sai aka zo kan rubutu. Subhan Kak bai san ko baƙi ɗaya ba, amma bai hana shi zaɓe ba. Usta ya zana masa da harafin Turawa, wai don baƙi su iya karantawa. Ya duba ya ce, "Waɗannan sun cika tsayuwa ƙiƙam, kamar an zo kama mutum. Goge." Usta ya koma rubutunmu na ajami, ya yi shi da kauri. Ya ce, "Wannan ya yi ƙiba. Ka taɓa ganin ta da ƙiba?" Usta ya sake ja da siririn burushi, baƙaƙen suna kwantawa, wutsiyar na ƙarshe ta miƙe doguwa. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yauwa. Haka take sunkuyawa a kan ruwa." Aka tsayar da ja a kan rawaya, da furen bado a kowane gefe, aka kuma yi rantsuwa ba mai faɗa mata. Ita a zatonta *Sarauniyar Landan* za a sa kamar kowa, har tana cewa tana so ta ji ko sarauniyar ta taɓa tsoma ƙafa a ruwan sanyi.

Da a zamanin jahilci muke, lokacin da mutum ke sa wa jirginsa suna ba tare da izinin kowa ba, da shi ke nan. Amma alhamdu lillahi yanzu muna da Kwamiti. Bayin Allah nan sun sadaukar da kansu, suka bar iyalansu, suka tafi ƙasashen Turai takanas don nazarin yadda ake rubuta suna a jikin jirgi. Suka dawo da manyan kwat, da tumbi, da doka guda ɗaya tak: duk sabon jirgi, mai shi ya tsaya gaban Mai Girma ya faɗi sunan da bakinsa. Wanda ya kasa, a ɓamɓare allonsa a kafa masa na Kwamiti, mai ruwan toka, mai ɗauke da suna *Alkawari Ya Cika*. Miyagun bakuna suna cewa wai an ba surukin wani kwangilar allunan tokar nan har sun cika sito, shi ya sa ake neman jiragen da za a liƙa wa. Ni dai ban ce ba. Ni na yarda cewa alkawari ya cika, tunda ga shi nan a rubuce har sito guda.

Yau ce ranar duba namu. Fenti kuwa ya ƙi bushewa, don rana ta ƙi fitowa, wutar lantarki kuma ta bi sahunta. Usta ya lulluɓe fuskar allon da ƙyalle, ya ɗora mini, gefensa ya gama da rigata kafin mu kai matsayar jirage. Can muka ɗaura shi a goshin rumfa yana lulluɓe, muka zauna jira tare da rabin unguwa.

Da farko an ce Mai Girma zai zo ta ruwa, a jirgin injin nan da aka saya bara aka yi masa bikin yanka ƙyalle da rabon shinkafa da nama. Sai labari ya zo cewa direban jirgin yana layin mai tun asuba da jarka a hannu, a bayan ɗan maƙwabciyarmu ma yake. To sai Mai Girma ya zo a mota. Amma ya ƙi sauko wa kan gadar katakon da muke tsaye. Kada ku ga laifinsa. Shi ne ya yi alkawarin gyara ta kafin zaɓe, shi ne kuma ya ƙaddamar da gyaran, don haka duk garin nan ba wanda ya kai shi sanin cewa ba za ta ɗauke shi ba. Ya tsaya can saman titi, ya sauke gilashi kaɗan, ya turo akawunsa bakin gangare ya riƙa yi mana ihu.

"Mai sabon jirgi! Faɗi suna, da ƙarfi, Mai Girma ya ji!"

Subhan Kak ya miƙe a cikin shikararsa. Ya dubi nisan da ke tsakaninsa da motar, ya dubi jama'a. Ga kuma Shahmali can gefe a ƙaramin kwalekwalenta, cikin mata 'yan uwanta, da daurin saiwar bado a gabanta. Da a ofis ne da ya raɗa a kunne ya wuce. Nan kuwa sai tafki duka ya ji.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi a rubuce, a zo a duba."

"Doka ba ta ce ido ba, baki ta ce!"

Na yi farat na ce, "Yallaɓai, ni zan faɗa masa, ai ni na saba."

Akawu ya ce, "Kai ne mai jirgin? Kai da ko rigarka ba ka iya kula da ita ba?"

Matuƙa suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Subhan Kak, ko ka manta ne? Tsufa ba daɗi!" Tsohon ya buɗe baki, ya rufe. Ya yi gyaran murya, sai Shahmali ta ɗago kai don ta saba, ta ga ba abin da ya biyo baya. Nan fa na hango masinjan Kwamiti ya fito da allon toka daga bayan mota, da guduma a hannu, yana gangarowa. Na ce a raina, yanzu katakon da matar nan ta tara da yatsunta zai yi ta yawo a tafki da ƙaryar wasu a goshi har ya ruɓe.

Sai Shahmali ta ɗaga murya, ranta a ɓace. "Kai wannan, ka faɗa musu Sarauniyar Landan ɗin mana mu tafi! Kayana za su yi yaushi, kasuwa za ta tashi!"

Masinja ya sa ƙafa a kan gada. Subhan Kak ya cire hularsa, ya rufe ido kamar mai shirin faɗawa ruwa, ya cika ƙirji.

"Shahmaliii!"

Jama'a, har agwagi sai da suka tashi. Sandar tuƙin da ke hannunta ta suɓuce ta bi ruwa. Ta waiga baya tana neman mai kiran, don tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya ƙwala mata kira haka. Sannan ta juyo ta dube shi, cikin wata 'yar ƙaramar murya irin ta yarinya ta ce, "Na'am."

Usta Rajab ya fizge ƙyallen. Ya ce, "Yaya, ba kiran ki yake ba, sunan jirgi yake faɗa. Ga ki nan."

Matan suka turo kwalekwalenta har ya gogi shikarar. Ta miƙe, ta daɗe tana kallon jan rubutun nan da ba ta iya karantawa.

"Duk wannan ni ce?"

Usta ya ce, "Daga wannan furen har wancan."

Ta sa yatsa ta bi doguwar wutsiyar a hankali, fenti yana kama ta. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ba ka iya cewa kuka ne ko dariya. Daga cikin mayafin muka ji ta ce, "Tsohon banza. A gaban mutane!" Ni kam kuka na yi, ba na ɓoyewa, na share da hannun riga na ƙara wa fuskata ja.

Sai ga muryar akawu daga sama: "Mai Girma yana waya, bai ji ba! A maimaita!"

To ashe wuyar abin farawa ne. Subhan Kak ya sake ƙwalawa, wannan karon ido a buɗe, yana kallon ta ba motar ba. Ya ƙara, ba wanda ya tambaye shi. Matuƙa suka hau buga sanduna a jikin jirage, mata suna guɗa, ita kuwa tana jifansa da saiwar bado tana cewa ya rufe mata baki. Mai Girma ya aiko da cewa ya amince, ko da yake sunan ba shi da ruhin ci gaba, kuma ana jiransa a wata liyafa. Masinja ya koma da allon toka, ƙafarsa ɗaya a jiƙe, don gadar ta karɓi rabonta.

Saboda haka ina miƙa jinjina ga Kwamiti. Tun da aka kafa shi, yau ne ya yi wa wani mutum amfani, kuma bisa kuskure. Don Allah kada wanda ya faɗa musu, kada su sa abin a kasafin baɗi su tafi Turai nazarinsa.

Ni dai tawa ta same ni a gida. Labari ya riga ni isa, na tarar da uwar yarana a ƙofa, hannu a ƙugu. Ta ce, "Na ji abin da Subhan Kak ya yi. Kai fa?" Na ce mata ai ni talaka ne, ba ni da jirgi. Ta ce ba komai, bahon wanki ma yana iyo.