Maza Ku Fito Mu Tura

Ba zan taɓa mantawa da ranin da na fara taka gungun su Murja ba. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, domin mutanen garin sun ɗau nauyin tuna mini har in koma ga Allah.

Bari in fara da abin da ya fi ciwo. Ni haifaffen Yelwa ne, a Yawuri aka yanke mini cibi, daga ƙofar gidanmu ana jin ƙugin injin jiragen ruwa, amma ban iya iyo ba. Inna ce ta hana ni zuwa bakin kogi tun ina yaro, ni kuma da yake matsoraci ne na asali, sai na mayar da abin biyayya ga iyaye. Na girma, na yi karatu, na samu aikin koyarwa, ban taɓa shiga ruwan da ya fi na bokiti yawa ba. (Cin kifi dai babu wanda zai gwada mini.)

Sai Allah ya haɗa ni da Murja, 'yar masu ruwa gaba da baya. Iyayenta a Yelwa suke zaune, amma asalinsu wani gari ne da ke tsakiyar ruwan Kainji, irin tsibirin nan da mu muke kira gungu. Da magana ta yi nisa na tura manya, sai mahaifinta ya ce shi ba ya ba da 'ya, yayansa Baffa Gado da ke can gungu shi ke bayarwa, kuma ba ya bayarwa sai ya ga mutum da idonsa. Murja ta ja mini kunne cewa Baffa ya taɓa mayar da wani mai nemanta, mai mota da gidan sama, bai ko faɗi dalili ba. In ya ce a'a, an rufe magana. Ni kuwa ina son yarinyar nan, son da ya sa ko alli na ɗauka sai in tsinci kaina ina murmushi gaban allo.

Ana gobe tafiya ta tambaye ni, "Ka dai iya ruwa ko?"

Na ce, "Haba Murja, ɗan Yawuri kike tambaya?"

(Ku shaida, ban yi ƙarya ba. Tambaya ta yi, tambaya na mayar.)

A kaina kuwa tsibiri shi ne wanda nake gani a waya: bishiyoyin kwakwa, farin yashi, mutane a kishingiɗe da baƙin tabarau suna shan lemo. Saboda haka na sayi baƙin tabarau. Na ɗinka farar shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando, ta sha sitati har tana ƙara in na motsa. Na ɗauki abokina Bashar ya riƙe mini goro da alawa, muka hau kabu-kabu sai bakin ruwa.

Tsakiyar rani ne, irin zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Ruwa ya ja baya sosai, sai da muka taka busasshen taɓo mai nisa kafin mu kai inda jirgin yake. Dogon jirgin katako ne mai inji, an loda masa buhunan gishiri da jarkokin fetur da kwanon rufi da akuya guda mai baƙin rai. Mata na tsakiya, maza na gefe-gefe. Ni na duba inda ya fi nisa da ruwa ta kowane ɓangare, na kutsa tsakiya na zauna kusa da wata tsohuwa mai ƙunshin kaya, wadda na ji ana kira Inna Kulu. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta matsar da ƙunshinta don kada ya ɓata mini riga.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Iska na kaɗawa, ga tuddan yashi sun fito a tsakiyar ruwa, ga gonakin albasa shar a wuraren da ruwa ya janye. Har hoto na ɗauka, hannu ɗaya na riƙe da waya, ɗayan ya shaƙe katakon da nake zaune a kai.

Can sai na ga mazan jirgin sun fara naɗe ƙafar wando. Kowa dai ya sunkuya yana naɗewa, ana ci gaba da hira. Ban gama mamaki ba sai na ji ƙasan jirgi ya gurji yashi, muka tsaya cak. Ashe haka tafiyar rani take. Inda ruwa ya yi ƙasa jirgi kan kafe, sai duk namijin da ke ciki ya sauka a tura, mata da yara da kaya su zauna. Ba a roƙon kowa, ba a kiran sunan kowa. Kafin in ƙifta ido maza sun zube cikin ruwa, har da Bashar, munafuki, wanda bai ko waiwaye ni ba.

Ruwan iya gwiwa ne, ina gani da idona. Amma zuciyata ta ce wa ya sani ko daidai inda zan sa tawa ƙafar rami ne. Ga shadda, ga takalmi sau-ciki. Sai na yi abin da duk wani ɗan boko mara kunya zai yi, na kara waya a kunne na shiga magana da ƙarfi.

"E, ranka ya daɗe. Ina jin ka, ranka ya daɗe. Takardun suna ofis."

Na daɗe ina ba wa shugaban makarantarmu bayani. Duk wanda ke jirgin nan ya san babu sabis a wurin, har akuyar. Daidai gefena kuwa wani dattijo ne siriri mai farin gemu, da tsohuwar riga duk ƙurar kasuwa, ya sa kafaɗa yana tura jirgi, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Muka haɗa ido sau ɗaya. Na gyara tabarau na ce wa wayar, "To ranka ya daɗe, sai na dawo."

Da jirgi ya koma kan ruwa maza suka hau suna ɗiga, Inna Kulu ta juyo gare ni.

"Ɗana, ba ka da lahiya ne?"

"Lahiya lau, Inna. Kira na anka yi min daga wurin aiki."

"Allah sarki. Gidan wa za ka a gungu?"

Na gyara zama, na ɗan ɗaga murya don a san ba ƙaramin baƙo aka ɗauko ba. "Gidan Baffa Gado."

Ta nuna da haɓa. "Ai ga shi nan. Shi na wanga da yag gama tura ka."

Dattijon nan ne. Yana zaune yana matse ƙafar wandonsa, ko kallona bai yi ba. Jama'a, na ji kunya a rayuwa, amma ban taɓa jin irin wadda ke sa mutum gumi a bayan gwiwa ba sai ranar. Mutumin da aurena ke hannunsa, sa'an kakana, ya tura ni a jirgi tare da mata da gishiri, ni kuma ina waya da iska. Na cire tabarau. Abin da kawai nake ji a kaina shi ne muryar Murja tana cewa in ya ce a'a an rufe magana.

Nan na yi wa kaina alkawari. In jirgin nan ya sake kafewa, ni zan fara sauka, ko da shadda, ko da me. Na shiga addu'a Allah ya kawo wani tudun yashi. Ina jin ni ne mutum na farko a tarihin kogin nan da ya roƙi jirgi ya kafe.

Ba a jima ba kuwa sai direba ya kashe inji, jirgi ya rage gudu. Na ce alhamdu lillahi. Na miƙe tsaye, na tattare babbar riga, na ɗaga murya yadda Baffa zai ji da kyau.

"Maza ku hito mu tura!"

Na yi tsalle.

Abin da ban sani ba shi ne, ragar masunta ce a gabanmu, direba ya kashe inji ne don ya ɗaga farfela ya wuce ta samanta. Masunta kuwa a nan suka kafa ragarsu saboda nan ne tsohuwar hanyar kogi, inda ko a tsakiyar rani dogon gora ba ya taɓa ƙasa. Ina sama kafin in faɗa na lura da wani abu: babu mutum ɗaya da ya naɗe wando.

Ƙafata ta nemi yashi, ba ta samu ba. Na tafi ƙasa, na dawo sama, na buɗe baki zan yi salati, kogi ya shige. Babbar rigar ta buɗe a kan ruwa, sannan ta jiƙe ta naɗe mini kai. Ba zan yi muku ƙarya ba, a nan wasa ya ƙare, na ga mutuwa, na tuna Inna. Sai na ji an cafke ni ta baya, an fizge riga da 'yar ciki a ja ɗaya an yar, an tallabe mini haɓa. Wando kuwa ni na raba kaina da shi wajen shure-shure, shi da takalmi. Aka miƙa ni cikin jirgi hannu da hannu, aka kwantar kan buhunan gishiri daga ni sai singileti da gajeren wando. Da na gama aman ruwa na buɗe ido, wanda ya ciro ni yana hawowa jirgi, gemunsa na ɗiga. Baffa Gado ne. Ya tura ni, ga shi kuma ya tsamo ni, duk kafin mu gaisa.

Babu wanda ya yi dariya sai da aka tabbatar ina numfashi. Daga nan kuma babu wanda ya daina. Bashar har da riƙe ciki, goro na zubewa. Inna Kulu ce kaɗai ta tausaya, ta kwance ƙunshinta ta zaro sabon zanin atamfa da ta sayo wa jikarta, ja mai zanen kaji.

"Ɗaura, ɗana. Ba ka shiga gidan surukai hakanan ba."

(Ita ta ɗaura mini. Wai ɗaurina na gwauraye ne.)

Da damina, an ce, jirgi har ƙofar gidan Baffa yake tsayawa. Da rani kuwa sai a sauke ka can nesa, ka taka yashi mai zafi, ka ratsa gari kaf. Kuma gari ne sosai, ba ƙauyen da na raina ba. Na wuce rumfunan albasa, na wuce masu gyaran raga, na wuce 'yan kasuwar kifi da shagon cajin waya da masallacin Juma'a, ba takalmi, da zanin kaji, ina ɗingisa saboda yashi na gasa mini tafin ƙafa. Labari ya riga ni isa. Ta kan katanga mata ke leƙen mai neman Murja. Bishiyar kwakwa ko ɗaya ban gani ba.

A zaure aka shimfiɗa mini tabarma. Baffa ya shiga gida, ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya fito ya zauna. Ni ya bar ni da zanina. Muka gaisa kamar yau muka fara haɗuwa, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, har ya tambayi ko shugaban makarantar ya samu takardunsa. Na sunkuyar da kai, na riga na sallama Murja a zuciyata, ina tunanin yadda zan koma in gaya mata.

Ya ɗauki goro ɗaya cikin ragowar da Bashar bai zubar ba, ya fasa, ya daɗe yana tauna.

"Wancan da yaz zaka kahin kai," in ji shi, "shi ma bai tura ba. Da anka kai gaɓa ya miƙo min kuɗi, wai ladan turi. Kai ba ka tura ba, amma kunya ta jehwa ka inda ba ka iya hita. Mai kunya ana zama da shi. Mun ba ka."

Hawaye suka zubo mini, na goge da bakin zanin Inna Kulu. Sai ya ƙara da cewa, "Amma in kana ɗauke da ɗiyata cikin jirgi, ko mi yaf faru, ka zamna. Ita ta iya ruwa."

Yau 'ya'yanmu uku, dukansu suna iyo kamar a ruwa aka haife su. A gungu babu wanda ya san sunana na yanka, yara da manya Maza-ku-hito suke kirana. Duk rani in za mu gaida dangi jirgi ya kafe, nakan sunkuya zan naɗe wando, sai maza su ce, "A'a Malam, zamna, riƙa muna akuya." Ni kuma in zauna in riƙe.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da shadda guda da takalmi. In ka je garin mutane kana son nuna kai namiji ne, kafin ka yi tsalle ka duba ko akwai wanda ya naɗe wando.