Ranar Da Aka Fitar Da Ni Daga Sahun Talakawa

Ranar Talatar makon jiya na samu ƙarin girma, kuma a layin karɓar shinkafar tallafi aka ba ni shi, a nan Nguru. Tun bayan sallar asuba na kama layi da buhuna a naɗe a hammata, ban isa gaban tebur ba sai dab da azahar. Ma'aikacin ya karɓi katina, ya latsa 'yar na'urarsa, ya ɗago ya dube ni da fara'a.

"Malam, barka da arziki. Ai kai ka fita daga sahun talakawa."

Na ce, "Yaushe?"

"Tun watan jiya. Albashinka ya haura dubu tamanin, yanzu kai mai matsakaicin ƙarfi ne. Na baya, matso!"

Albashin nawa dubu tamanin da huɗu ne, bayan shekara goma sha tara ina shaƙar alli a firamare. Dubu huɗun nan ne suka ɗaga ni sama. Na koma gida a ƙafa cikin takun manya, don babu kuɗin napep.

Matata Wasila ta tare ni a tsakar gida. "Baban Bushra, ina shinkafar?"

"An ƙara mana matsayi."

Ta dubi buhun, ta dube ni. "To, shi matsayin da ruwan zafi ake dafa shi ko sai an jiƙa?"

Da yamma na kunna rediyo, na tarar manyanmu suna ta tafka muhawara a kaina. Mai Girma Garkuwan Marasa Galihu ya ce duk wanda ke samun dubu tamanin a wata ya tsallake talauci. Dole a jinjina masa. A wata guda ya rage rabin talakawan yankin nan ba tare da ya haƙa rijiya ko ɗaya ba, da biro kawai. Abokin adawarsa, Alhaji Dokta Jagoran Canji, ya ce wannan zalunci ne, matsakaicin ƙarfi daga miliyan biyu yake farawa. Har na fara yi masa tafi, sai ya ƙarasa: wai a sassauta wa masu matsakaicin ƙarfi haraji, irin su shi, da motocinsa huɗu ne kacal, ɗaya ma tana wajen bakanike. Su biyun kwamiti ɗaya suke. Tare suka je ƙasar waje na mako biyu don su ga yadda mai matsakaicin ƙarfi yake da idanunsu.

Da a kan shinkafa abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma akwai maƙwabcina Malam Yunusa, shi ma malamin makaranta, wanda matarsa Shuhada ke fama da ciwon ƙoda. Sau biyu a mako ake yi mata wankin ƙoda, kuma wani shirin tallafi ne ke ɗaukar rabin kuɗin. Na'urar da ta taya ni murna ta taya shi shi ma. Ranar Laraba suka je asibiti aka ce sunanta ya fita daga jerin mabuƙata, saboda mijinta ya zama mai hali. Suka dawo ba a yi wankin ba.

Na same shi zaune a dakalin ƙofar gida, takarda a cinya.

"Malam, me kake rubutawa?"

"Takardar ajiye aiki. An ce idan ba ni da albashi za a mayar da sunanta."

"To ku ci me?"

Ya ninke takardar. Daga cikin gida ina jin yadda Shuhada ke jan numfashi da ƙyar. Na ce ya dakata tukuna, don an sanar cewa kwamitin zai zo Gashua ranar Alhamis ya ji ra'ayin jama'a.

Muka bi motar haya tun da safe, mu huɗu a kujerar mutum uku. An ce ƙarfe goma, manyan suka iso ƙarfe biyu da jiniya, motoci goma sha ɗaya na ƙirga. Aka buɗe da addu'a. Sai gabatar da manyan baƙi, wanda ya ci sa'a guda, don kowane yana da sarautu uku da digirin girmamawa biyu, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Su aka jera musu ruwan gora mai sanyi da gasassun kaji. Mu aka raba mana fom.

Fom ɗin ya tambaya ko kana da babur. Ko rufin ɗakinka na kwano ne. Ko ka ci nama a cikin kwana talatin da suka wuce. Ni dai na ci a sunan ɗan ƙanena, tsoka biyu, kuma da yake ni mai tsoron Allah ne na rubuta e.

Da aka ba mutum uku damar yin magana, Malam Yunusa ya miƙe.

"Ranku ya daɗe, albashina dubu tamanin da shida. Wankin ƙodar matata na mako biyu ya fi haka. Jiya ba a yi mata ba, ƙafafunta sun kumbura. Ina son ku gaya mini, ni tsakiyar me nake?"

Garkuwan Marasa Galihu ya goge maiƙon kaza daga yatsunsa, ya ce wannan tambaya ce mai matuƙar muhimmanci, kuma ta nuna dimokuraɗiyya na aiki. Jagoran Canji ya karɓe abin magana ya ce ga irin ɓarnar da ya daɗe yana faɗa, don haka a tuna da shi ranar zaɓe. Suka yi ta nuna wa juna yatsa har minti ashirin, 'yan jarida na ɗauka. Daga ƙarshe aka kafa ƙaramin kwamiti da zai duba batun Malam Yunusa ya kawo rahoto cikin wata uku. Ba wanda ya tambayi sunan matar. Da aka tashi na hango su biyun suna shiga mota ɗaya suna ƙyalƙyala dariya.

Muka kama hanyar dawowa. Kujerar gabanmu wani dattijo ne, Madu, mai kiwon shanu daga wajen Machina, wanda shi ma ya halarci taron don an ce masa za a raba taki. Bai taɓa karɓar albashi ba a rayuwarsa, saboda haka a na'urar gwamnati shi cikakken talaka ne. Muna dab da shiga Nguru ya waiwayo ya dubi Malam Yunusa.

"Malam, kai ne ka yi maganar mai ɗakinka?"

"Ni ne, Baba."

"A wace unguwa kake?"

Ranar kasuwa Madu ya sayar da bijimi guda, ya kawo kuɗin da kansa har ƙofar gidan Malam Yunusa, ya ƙi ko zama ya sha ruwa. Ya ce 'yarsa ce ta rasu da irin wannan ciwo shekara biyu da suka wuce. An ci gaba da yi wa Shuhada wanki, kumburin ya sauka, har jiya na ji muryarta tana yi wa yara faɗa. Kuɗin zai kai su kamar mako bakwai. Rahoton ƙaramin kwamiti kuwa sai nan da wata uku, idan an sakar musu kuɗin zama.

Ina roƙon mai karatu, kada ka kai wa Masu Girma wannan labari. Za su taso da jiniya su ce shirinsu ne, su nemi a fito da bijimin a ɗauki hoto, alhali tuni aka loda shi a motar Kudu. A duk cikinmu shi kaɗai ne ya samu hanyar ficewa daga yankin nan ba tare da ya cike fom ba.