Ranar da na ciyar da awaki irin albasa

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na yi wa yayata aikin alheri, alherin da har yau in aka tuna shi a garinmu sai an riƙe ciki don dariya.

Shekara ashirin da ɗoriya na yi a Malbaza ina lodin siminti. Da bayana ya gaza, babu wanda ya ce mini sannu. Na naɗe tabarmata na komo gidanmu, wani ƙauye kusa da Tsarnawa. Yaya Rabi ce ke riƙe da gidan tun rasuwar mijinta: awaki bakwai, jaki, zabi masu surutun tsiya, da garka mai rijiya a bayan gida. Ta ba ni ɗaki, ta ba ni tuwo, ba ta taɓa tambayar abin da na komo da shi ba. Shirun nan nata ya fi zagi ci mini rai.

Ni kuwa tun ina ƙarami aka kai ni lakwal, makarantar boko, a Konni (aji huɗu na yi, amma yadda nake gyara wa mutane magana sai ka rantse mushe ne ni, mai koyarwa). Noma ban san shi ba. Albasa a buhu na san ta, sai cikin miya.

Ran nan Yaya ta tafi barkar haihuwa, na ce yau zan nuna ba cin tuwo kaɗai na iya ba. Na shiga garka, sai ga fangali guda a bakin rijiya cike da haki, siriri, kore shar, ƙasarsa jiƙe. Na ce, "Kai, mata! A ja ruwa da guga a ba haki?" Na durƙusa na cire shi tas, na kai wa awaki. (Mura nake yi ranar, hancina a toshe. Ita ce kaɗai hujjata, kuma ba wanda ya taɓa karɓarta.)

Yaya ta komo tare da maƙwabcinmu Malam Isuhu da mata biyu, ina zaune ina karkaɗa ƙafa.

"Yaya, na gyara miki garka."

"Wane gyara?"

"Hakin bakin rijiya. Yana wurin awaki."

Ban taɓa ganin mace mai shekarunta ta yi gudu haka ba. Malam Isuhu ya bi ta, ya zaro wani tsinke daga bakin akuya, ya kawo mini har hanci.

"Mushe, shaƙa."

"Mura nake."

"To buɗe ido. Wanga abu haki ne? Irin albasa ne! Wata guda tana ba shi ruwa, jibi za a dasa!"

Matan suka rufe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Ni kuwa na san albasar nan ce ke riƙe gidan in rumbu ya yi ƙasa, kuma sake shuka iri yanzu an makara.

Na jira zagi. Wallahi na so a zage ni. Yaya ta tsince abin da awaki suka rage, bai kai rabi ba, ta duba saiwoyin, ta ce, "Ƙanena, kawo ƙwarya da ruwa. Ko ba komai ka iya cira, da saiwarsa ka ciro."

Washegari da hantsi sai ga Malam Isuhu da damin iri daga garkarsa. Matan nan ma kowace ta kawo nata, har da wata tsohuwa da ban taɓa gaidawa ba. Suka dasa, ina miƙa musu. Ni da nake cewa duniya babu mutane, ashe ban duba bayan gidanmu ba ne.

Albasa ta yi, rumbu bai kunyata mu ba. Kwana biyu nonon akuya na warin albasa, ni aka dama wa fura da shi. Sunan Mushe Haki kuwa ya zauna, kuma ina amsawa.

Yanzu duk abin da na gani kore, ko a tsakiyar hanya ya tsiro, sai na tambayi Yaya. In kuma mura ta kama ni, ɗaki nake shiga in rufe ƙofa.